Nneka Ogwumike: Gwarzuwar da Aka Hana Olamfik, Ta Ƙwato wa 'Yan'uwanta Haƙƙi

Duk lokacin da aka zauna jera sunayen matan da suka yi zarra a ƙwallon kwando a Amurka, sunayen da ke fara zuwa baki su ne Lisa Leslie, Diana Taurasi, Sue Bird, Tamika Catchings, Maya Moore, Candace Parker, sai kuma A'ja Wilson ta wannan zamani. Kowaccensu ta cancanta, kuma kowaccensu tana da lambar zinare ta gasar Olamfik a ɗakinta. Nneka Ogwumike ba ta da ita. Ko sau ɗaya ba ta taɓa taka filin Olamfik a matsayin 'yar wasa ba, kuma wannan giɓi ne ya sa mutane da yawa suke ajiye sunanta a sahu na biyu. Ni ban yarda da wannan jeri ba. A ganina matsayinta na sahun farko ne, kuma idan aka haɗa abin da ta yi a fili da abin da ta yi wa sana'ar kanta, kaɗan ne cikin waɗancan sunaye za su iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ita.

An haife ta ranar 2 ga Yulin 1990 a garin Tomball na jihar Texas. Iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne da suka tashi daga Najeriya suka zauna a Amurka, kuma cikakken sunanta Nnemkadi. Ita ce babba a cikin 'yan mata huɗu, dukkansu kuwa sun buga ƙwallon kwando har matakin jami'a. Ta yi sakandare a makarantar Cy-Fair da ke kusa da birnin Houston, inda ta kai makarantar ga cin kofin jiha a 2008. Daga nan ta wuce Jami'ar Stanford, ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ta kuma yi wasa shekara huɗu a hannun koci Tara VanDerveer. A duk waɗannan shekaru huɗu sai da Stanford ta shiga cikin ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a gasar jami'o'in ƙasar. A 2010, a wasan kusa da na ƙarshe da Oklahoma, ita kaɗai ta ci maki 38. Kofin dai bai zo hannunsu ba, domin Jami'ar Connecticut ta doke su a wasan ƙarshe na wannan shekara.

A 2012 ƙungiyar Los Angeles Sparks ta ɗauke ta a matsayin ta farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar WNBA, ta kuma gama kakar a matsayin gwarzuwar sabbin shiga. Bayan shekara biyu ƙanwarta Chiney ta maimaita duka biyun a ƙungiyar Connecticut Sun. Kafin su, 'yan gida ɗaya da aka taɓa ɗauka na farko a wata babbar gasa ta Amurka su ne Peyton da Eli Manning na ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa.

Shekarar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce 2016, domin a cikinta ne aka ga irin wasanta ƙarara. Tsayinta mita 1.88 ne, wanda ba wani tsayi ba ne ga mai wasa a gindin kwando, inda take karo da irin su Brittney Griner da Sylvia Fowles da suka fi ta nesa ba kusa ba. Ba ta da salon da ke sa 'yan kallo su miƙe tsaye suna ihu. Abin da take da shi shi ne sanin inda za ta tsaya tun kafin ƙwallo ta iso, da saurin tashi sama karo na biyu kafin abokiyar hamayya ta gama saukowa daga na farko, da kuma ƙin jefa ƙwallon da ta san ba za ta shiga ba. A wannan kaka tana cin maki 19.7 a matsakaicin lissafi a kowane wasa, tana cafke ƙwallon da ta dawo daga bakin kwando sau 9.1. Amma lambar da ta fi ba masana mamaki ita ce kashi 66.5 cikin ɗari: cikin kowace jifa uku da ta yi, biyu na shiga. Wanda ya san wasan ya san cewa ƙwararriyar da ke zura rabin abin da ta jefa ana yaba mata. A watan Yuni na shekarar, a wasa da Dallas Wings, ta jefa sau 12, duka 12 suka shiga, ta tashi da maki 32. A tsakanin wasanni uku a jere ta zura ƙwallo 23 ba tare da ko ɗaya ta kuskure ba. Da kaka ta ƙare aka ba ta kambun gwarzuwar 'yar wasa ta shekara.

Sai wasan ƙarshe. Sparks ta haɗu da Minnesota Lynx, wadda a lokacin ita ce giwar gasar, da Maya Moore da Seimone Augustus da Lindsay Whalen da Fowles a cikinta. Aka yi kunnen doki biyu da biyu, aka tafi wasa na biyar a Minneapolis, gidan Lynx, ranar 20 ga Oktoba. Saura daƙiƙa goma sha biyar Moore ta sa Lynx gaba da 76 da 75. Chelsea Gray ta Sparks ta jefa, ba ta shiga ba. Nneka ta cafke, ta jefa, Fowles ta doke ƙwallon. Ta sake cafkewa, tana faɗuwa da baya ta sake jefawa, ƙwallo ta shiga saura daƙiƙa 3.1. Aka tashi 77 da 76, Sparks ta ɗauki kofinta na farko tun 2002. Adalci ya sa a faɗi cewa washegari hukumar gasar ta amsa cewa alƙalan wasa sun yi kuskure wajen ƙirga wata ƙwallo da Nneka ta zura saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, domin lokacin jifa ya riga ya cika. Magoya bayan Lynx suna da hujjar jin zafi har gobe. Amma kuskuren na alƙalai ne, kuma bai rage komai daga abin da ta yi a daƙiƙoƙin ƙarshe ba.

Bayan wata shida ta sake ɗaga wani kofi, wannan karon na zakarun Turai, tare da ƙungiyar Dynamo Kursk ta Rasha a 2017. Ta ci zinare a gasar cin kofin duniya da tawagar Amurka a Turkiyya a 2014, da kuma Sifaniya a 2018. A 2021, da WNBA ta cika shekara 25, an sa ta cikin mata 25 da suka fi kowa a tarihin gasar. Ta karɓi kyautar ladabi da kyawun hali a fili sau uku a jere, daga 2019 zuwa 2021. Bayan kaka 12 a Los Angeles ta koma Seattle Storm a 2024, kuma ya zuwa 2025 an zaɓe ta wasan taurari sau goma.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: me ya kai gwarzuwar Amurka wani gari mai sanyi a yammacin Rasha? Amsar ita ce kuɗi, kuma a nan ne rabi na biyu na labarinta ya fara. Gasar WNBA, wadda ta fara wasa a 1997, ta bazara ce, 'yan watanni take ɗauka. Har zuwa 2019 mafi girman albashin da 'yar wasa za ta iya karɓa a cikinta dala 117,500 ne a shekara, yawancinsu kuwa ba su kai ko kusa da haka ba. Don haka da zarar an rufe kaka sai su ɗauki jaka su nufi Rasha ko Turkiyya ko Sin ko Poland, inda ake biyan taurari ninkin-ba-ninkin. Suna wasa wata goma sha biyu babu hutu, gwiwa da idon sawu suna biyan bashin. Abin ya kai ga a 2015 ƙungiyar UMMC Ekaterinburg ta Rasha ta biya Diana Taurasi don ta zauna ta huta, kada ta buga kakar WNBA ta shekarar, kuma ta amince. Wannan hanyar neman abinci ce ta kai Brittney Griner filin jirgin sama na Moscow a Fabrairun 2022, inda aka kama ta, ta yi kusan wata goma a tsare kafin a sake ta a musayar fursunoni.

A ƙarshen 2016, shekarar da ta ci komai, 'yan wasa suka zaɓi Nneka shugabar ƙungiyarsu ta ƙwadago, ta gaji Tamika Catchings. Shekarunta 26. Wata a matsayinta da ta ce ba ta da lokaci, babu mai ganin laifinta, domin tauraruwa tana da hanyoyin samu da 'yar benci ba ta da su. Ita ta karɓa. A Nuwamban 2018 'yan wasan suka sanar da ficewa daga yarjejeniyar da ke tsakaninsu da masu gasar tun wa'adinta bai cika ba, aka shiga tattaunawa ta fiye da shekara guda. A Janairun 2020 aka sanar da sabuwa.

Abin da jaridu suka fi ɗauka shi ne albashi, wanda ƙololuwarsa ta tashi zuwa dala 215,000. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne sashen da ya shafi haihuwa. Tun daga farkon gasar maganar tana nan: Sheryl Swoopes, wadda aka tallata gasar da fuskarta, ta haihu kwanaki kaɗan bayan buɗe kakar farko a 1997, ta koma fili bayan kusan mako shida. Duk da haka har zuwa 2019 ana biyan mai juna biyu rabin albashinta kawai. Skylar Diggins-Smith ta bayyana daga baya cewa ta buga kakar 2018 ɗauke da ciki ba tare da ta faɗa ba. Yarjejeniyar 2020 ta ce a biya 'yar wasa cikakken albashi a hutun haihuwa, a ba mai yara gida mai ɗaki biyu, a ba ta dala 5,000 a shekara don kula da yara, waɗanda suka daɗe a gasar kuma a taimaka musu da kuɗin da ya kai dala 60,000 don neman haihuwa a asibiti ko ɗaukar riƙo. Aka kuma ce kowace 'yar wasa ta samu ɗakinta ita kaɗai a otal idan an je wasa waje. Mace duk inda take a duniya ta san wannan tsoro, na a ce ta zaɓa tsakanin ciki da aiki. Ma'aikaciyar banki ta san shi, malamar makaranta mai zaman kanta ta san shi. Ga 'yar wasa abin ya fi tsanani, saboda shekarun da jikinta ke kan ganiya su ne dai shekarun haihuwarta. Wadda ta jagoranci sa wannan haƙƙi a rubuce ta yi aikin da zai amfani matan da ko sunansu ba ta sani ba.

Ba ina cewa yarjejeniyar ba ta da aibu ba. Tana da shi, kuma masu sukar ta suna da gaskiya a wurare biyu. Na farko, an sa sharaɗin da ya tilasta wa 'yan wasa fifita WNBA a kan ƙungiyoyinsu na ƙetare, wadda ta makara dawowa a dakatar da ita. Wannan ya ƙuntata wa 'yan wasan Turai da ma Amurkawan da a lokacin can ne babban samunsu. Na biyu, alƙawarin raba kuɗin shiga an ɗaure shi da wasu sharuɗɗa masu wuyar cika, sai ga annobar korona ta zo bayan wata biyu ta dagula lissafi. Yayin da maza a NBA ke ɗaukar kusan rabin kuɗin da gasarsu ke samu, rahotanni sun nuna cewa a ƙarƙashin yarjejeniyar 2020 kason matan bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Caitlin Clark, wadda ta cika filaye maƙil a 2024, albashinta na shekarar dala 76,535 ne. Sannan takarda kaɗai ba ta gyara hali: a 2023 Dearica Hamby ta yi ƙorafin cewa Las Vegas Aces ta muzguna mata ta kuma rabu da ita saboda tana da ciki, hukumar gasar ta yi bincike, ta dakatar da kocin ƙungiyar wasa biyu, ta ƙwace musu damar zaɓe a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa na 2025. Sai dai a lura, akwai ƙungiyar ƙwadago da ta tsaya mata, akwai kuma rubutaccen haƙƙi da aka kafa hujja da shi. Wanda ya taɓa zaman sulhu ya san ba a samun komai a zama ɗaya. A 2024 gasar ta fara ɗaukar 'yan wasa a jirgin shata maimakon layin jirgin kasuwa, ta kuma ƙulla cinikin nuna wasanni na dala biliyan 2.2 na shekara 11. A Oktoban shekarar 'yan wasan, har wa yau a ƙarƙashin Nneka, suka sake ficewa daga yarjejeniyar don neman kasonsu. A wasan taurari na 2025 a Indianapolis suka fito da riguna masu ɗauke da saƙon a biya su abin da suke bi.

Ita ce kuma ta riƙe ragamar 'yan wasa a 2020, lokacin da aka killace gasar baki ɗaya a Bradenton ta jihar Florida saboda annoba, aka sadaukar da kakar ga Breonna Taylor, baƙar fatar da 'yan sanda suka harbe a gidanta a Louisville. Haɗa kan mata sama da ɗari masu bambancin addini da ra'ayi da ƙasa, a cikin tsoron cuta da zafin zanga-zanga, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba a rubuta shi a allon maki.

Yanzu ga maganar Olamfik. A 2012 sabuwar shiga ce, babu wanda ya yi mamaki. A 2016 an fitar da sunayen masu zuwa Rio kafin kakar da ta yi fice a cikinta ta fara, kuma ko Candace Parker an bari a gida, don haka ana iya yi wa masu zaɓen uzuri. Na 2021 ne ba shi da uzuri. Tana cikin mata takwas da hukumar ƙwallon kwando ta Amurka ta ware tun 2019 don shirin Tokyo. Ita ce gwarzuwar gasar share fage da aka yi a Belgrade a Fabrairun 2020. Da aka fitar da suna babu nata, aka kafa hujja da ciwon gwiwa da ta ji, alhali ana sa ran za ta warke kafin a fara, kuma an ɗauki Taurasi wadda ita ma jinya take yi a lokacin. A wannan rana, cikin duk matan da suka taɓa zama gwarzuwar shekara a WNBA, ita kaɗai ce ba a taɓa kai wa Olamfik ba.

Sai ta juya ga ƙasar iyayenta, wadda take da takardar zama 'yarta. Amurka ta sake ta, Najeriya ta sa sunanta. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta ƙi, ta ce ta daɗe tana yi wa Amurka wasa. Ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya, ba ta samu abin da take nema ba kafin a buɗe gasar. Haka aka yi wa Elizabeth Williams, wadda ita ma ta nemi yi wa Najeriya wasa. Ƙanwar Nneka, Erica, ce kaɗai daga gidansu ta sa rigar D'Tigress, tawagar matan Najeriya, a Tokyo, inda Najeriya ta sha kashi a wasanninta uku.

A gida ma ra'ayi ya rabu, kuma ban raina hujjar waɗanda suka ƙi ba. Sun ce sai da Amurka ta yar da ita sannan ta tuna da mu. Sun ce akwai matan da suka sha wahalar ciwo kofin Afirka a 2017 da 2019 suka samo tikitin, a kan me za a tsame ɗaya a sa wadda a 2018 tana cikin tawagar Amurka da ta fitar da Najeriya daga gasar duniya da 71 da 40? Tambaya ce mai nauyi. Dokar hana sauya ƙasa ma don kare ƙananan ƙasashe aka yi ta, kada masu kuɗi su riƙa sayen 'yan wasa. Amma ita dokar ta bar ƙofa: babban sakataren FIBA yana iya ƙyale ɗan wasa ya koma ƙasarsa ta asali idan hakan zai ciyar da wasan gaba a can. Idan ba a buɗe wannan ƙofa ga 'yar da uwa da uba duka 'yan Najeriya ne ba, wadda ƙasar da ta yi wa wasa ta sallame ta da hannunta, to wa aka yi wa ƙofar? Shekara da shekaru ƙasashen Turai da Amurka suna cin moriyar 'ya'yan Afirka a kowane fanni na wasa. Ranar da ruwa ya so ya gangaro ta ɗaya ɓangaren sai aka tuna da tsaurin doka. Hukuncin bai kare Najeriya daga komai ba, ya dai hana ta 'yar wasan da ta fi kowa a jerinta.

D'Tigress ta nuna ba ta dogara da kowa ba. Ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. A Paris a 2024, a hannun koci Rena Wakama, ta doke Ostireliya da Kanada, ta zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kwata-fainal a ƙwallon kwando na Olamfik. Amma waɗannan matan ne a 2021 suka fito a bidiyo suna neman alawus ɗinsu da aka riƙe. Su ne kuma suka rasa gurbin da suka ci da guminsu a gasar duniya ta 2022 a Sydney, bayan gwamnati ta sanar da janye ƙasar daga wasannin ƙasa da ƙasa saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando, aka miƙa gurbin ga Mali. Shi ya sa nake ganin asarar da aka yi a 2021 ta wuce ta maki ashirin a wasa. An rasa mace a ɗakin sauya kaya wadda ta san yadda ake zama da masu iko a fito da takarda mai sa hannu.

Kyautar da shugaban ƙasa ke sanarwa bayan an ciwo kofi abu ne mai kyau, amma kyauta ce, mai bayarwa ne ke da ikon lokaci da adadi. Abin da matan da ke yi wa Najeriya wasa suke buƙata, na ƙwallon kwando da na ƙwallon ƙafa, shi ne ƙungiya tasu ta kansu, da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi nawa ne alawus, yaushe za a biya, wa zai ɗauki nauyin jinya idan gwiwa ta karye, da kuma matsayin wadda ta samu juna biyu. Ina kira ga manyan 'yan wasanmu mata, waɗanda muryarsu ke da nauyi a yau, su ɗauki wannan aiki tun suna kan ganiya, kamar yadda Nneka Ogwumike ta ɗauka tana da shekara 26.